Yatsan Magatakarda

Shafi na 17

Ga masu bibiya da suka cika mini akwatin saƙo da ƙorafin jinkiri, na gani, na kuma karanta duka. Tun shafin farko na faɗa cewa ba na sakin rubutu sai na duba shi sau biyu, kuma ban taɓa saɓa wannan ƙa'ida ba. Sannu ba ta hana zuwa. Mu koma inda muka tsaya.

*

Kwana biyu ke nan da aka kwantar da jaririn Auta a asibiti, yana da kwana goma sha uku a duniya. Ƙuraje masu ruwa sun feso masa a gefen idon hagu, jikinsa ya ɗauki zafi, ya ƙi kama nono.

Da hantsi iyalin suka taru a barandar da ke gaban ɗakin jarirai.

Kakan yaron, wanda kowa ke kira Magatakarda, ya zauna a tsakiyar benci kamar yadda ya zauna shekara talatin da huɗu a gaban alƙali. Sandarsa tana tsakanin gwiwoyinsa, farin gashin bakinsa mai kauri ya sauko ya rufe leɓensa na sama. A kan cinyarsa akwai littafi mai baƙin bango, inda ya rubuta duk wanda ya shiga ɗakin jaririn tun ranar da aka kawo shi gida. Haka ya yi wa jikokinsa goma sha ɗaya da suka gabata.

Matarsa, Inna, tana gefensa da carbi. Ƙanwarsa, Gwaggo, tana tsaye. Auta ya jingina da bango. Maijego, matar Auta, tana can ƙarshen benci, hannunta dafe da inda aka yi mata ɗinki, domin aiki aka yi mata aka ciro yaron.

Magatakarda ya yi gyaran murya.

"Ki maimaita abin da kika ji, a gaban kowa."

Gwaggo ta gyara mayafi.

"Yaya, da kunnena na ji wata nas tana gaya wa 'yar'uwarta. Ta ce irin wannan ciwo a jikin uwa jarirai suka fi kwaso shi. Kuma ba sai an faɗa ba, kowa ya san ta hanyar da mace take samo shi."

Maijego ta ɗago da kai.

"Gwaggo, ku ji tsoron Allah."

"Tsoron Allah ne ya sa na faɗa, 'yar nan. Da tsoron mutum nake ji, da na yi shiru."

"Ni kuke jifa da wannan magana? Ɗana yana ciki an ɗaura masa ruwa?"

"Ɗanki? Ɗanmu dai. Jikoki goma sha ɗaya aka haifa a gidanmu, ko ƙurjin zafi ba su yi ba. Sai a kanki?"

Magatakarda ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

"Ba na hukunci da zato," in ji shi. "Amma akwai abin da ya gabata. A shekarata ta tara a kotu an kawo wani mai gadin sito. Kaya sun ɓace, ba wanda ya gan shi ya ɗauka. Alƙali bai ce shi ne ɓarawo ba. Cewa ya yi a karɓe makulli daga hannunsa har a kammala bincike. Wannan shi ne tsari."

Auta ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, daga baya an same shi da laifin?"

"Ba wannan ake tattaunawa ba."

Ya juya wajen surukarsa, bai dubi fuskarta ba.

"Yarinya, yau kafin la'asar za a kai kayanki gidan iyayenki. Ki zauna can sai an neme ki. Gwaggo za ta kula da yaron."

Kowa a wurin ya san ma'anar "sai an neme ki".

Maijego ta dubi mijinta.

"Ba za ka ce komai ba?"

Auta ya buɗe baki, ya dubi mahaifinsa, ya rufe.

A daidai lokacin ƙofar ɗakin jarirai ta buɗe. Likita ta fito, mace mai matsakaicin shekaru, tana goge hannuwanta.

"Tun daga ciki nake jin muryoyi," ta ce. "Wa za a kai gida?"

"Maganar iyali ce, Likita," in ji Magatakarda.

"Yaron yana buƙatar nonon uwarsa, Baba. Ko bai kama ba, tana tatsa muna ba shi. Ba inda za ta je."

"Asibiti huruminki ne, ba na jayayya. Gida kuma hurumina ne. Ta zauna nan, kayanta su tafi."

Likita ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"To ku saurare ni, domin na lura an ɗauki rabin magana an gudu da ita. Kun san ƙurjin nan da yake fitowa a leɓe bayan mutum ya yi zazzaɓi?"

Gwaggo ta yi dariya.

"Ƙurjin zazzaɓi? Wa bai san shi ba? Ai alama ce ta samun sauƙi, zazzaɓin ne yake fita."

"Ba zazzaɓi ne yake fita ba, Gwaggo. Ƙwayar cuta ce dabam. Yawancin mutane suna ɗauke da ita tun suna yara, da yawa ma ba su sani ba. Idan ta shiga jiki ba ta fita, sai ta kwanta a jijiya ta yi lamo. Ranar da jiki ya yi rauni, ko da zazzaɓi, ko gajiya, ko damuwa, ko zafin rana, sai ta farka ta fito a leɓe. Irinta muka samu a ƙurajen jikanku."

"Wannan ɗan ƙurjin?" in ji Auta. "Likita, ni ma ina yin sa wani lokaci. Kwana goma ya bushe."

"A jikinka, eh. Kai babba ne, jikinka ya san yadda zai yi da ita. Jariri ɗan kwanaki ba shi da wannan garkuwa. Abin da yake tsayawa a leɓenka, a jikinsa yana iya shiga ido, ya shiga jini, ya kai ƙwaƙwalwa."

Carbin Inna ya tsaya.

"Ƙwaƙwalwa?"

"Shi ya sa jiya muka ɗebi ruwa daga bayansa don a gwada. Yau muke jiran sakamako. Maganin kuma mun fara ba shi ta jijiya tun ranar da kuka kawo shi. Idan a fata da ido kaɗai ta tsaya, mako biyu ne. Idan ta wuce ciki, mako uku, kuma ba zan yi muku alkawarin yadda zai tashi ba."



Gwaggo ce ta fara farfaɗowa.

"Amma dai ana ɗauka daga uwa. Nas ta faɗa."

"Ana ɗauka, wajen haihuwa. Wannan kuwa aiki aka yi mata, kuma mun duba ta ba mu ga komai ba. Gwajin jininta sai gobe zai fito. Ko da uwa tana da ita ma, Gwaggo, ba shaidar lalata ba ce. Ku kiyayi harshenku."

"To ta ina ya samu?" in ji Magatakarda.

"Abin da na fito tambaya ke nan, Baba. A kwanakin nan, wa ya yi ƙurji a leɓe cikin waɗanda suka ɗauki yaron? Tun daga lokacin da wurin ya fara ƙaiƙayi da zugi, kafin ma ƙurjin ya fito, har ya bushe ya warke sarai, yana yaɗuwa. Sumba ɗaya ta isa."

Auta ya taɓa bakinsa.

"Rabona da shi ya fi wata shida."

"Ni leɓena ƙalau," in ji Gwaggo. "Ki duba."

Likita ta dubi tsohon.

"Ku fa, Baba?"

Magatakarda ya miƙe zaune.

"Likita, shekarata saba'in da uku. Ban taɓa kai bakina jikin jariri ba, ko 'ya'yan cikina. Mahaifina bai yi ba, kakana bai yi ba. Sumbatar jarirai aikin mata ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk iyalin sun shaida. Amma Inna ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara ɗagowa ba.

"To duk wanda kuka tuna, ku sanar da ni," in ji Likita tana miƙewa. "Ba don a hukunta shi ba. Don kada ya sake kusantar yaron, ko wani jaririn. Mai irin wannan ƙurji ba ya sumbatar jariri, ba ya haɗa kofi ko cokali ko tawul da kowa, ba ya fasa shi ko ya ɓantare ɓawon, kuma duk sanda ya taɓa wurin sai ya wanke hannu da sabulu. Akwai man shafawa da ƙwayoyi da suke rage kwanakinsa idan an fara da wuri. Ban da su man goge baki da turare da gishiri da mutane ke sawa, ƙona fata kawai suke yi."

Wata nas ta leƙo ta kira ta, ta koma ciki.

Maijego ta share hawaye.

"Baba, kun ji dai abin da Likita ta ce."

"Na ji ta ce gwajinki sai gobe," ya amsa. "Ba a wanke mutum kafin takarda ta zo. Hukunci yana nan."

"Baba," in ji Auta, "a bari zuwa goben mana."

"Kai ne za ka koya mini tsari? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma tunda an ce mai yiwuwa baƙo ne, ga littafi. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum arba'in da biyu ne suka shiga ɗakin jaririn a gida."

Ya buɗe baƙin littafin.

"Rana ta uku, ranar da aka sallamo su. Maƙwabciya mai ɗinki da 'yarta."

"Bakinsu lafiya," in ji Gwaggo. "Harshen ne dai ba lafiya."

"Rana ta huɗu. Abokan aikin Auta, su biyar. Ba su ɗauke shi ba, leƙawa suka yi."

Shafin ya ƙare. Takardar ta manne da ta bayanta.

Magatakarda ya yi abin da ya yi sau dubbai a gaban alƙali, abin da hannunsa ke yi ba tare da ya umarce shi ba. Ya ɗaga babban yatsansa na dama, ya tura shi ƙarƙashin gashin baki, ya jiƙa shi a leɓe, ya juya shafin.

Gashin bakin ya ɗaga na ɗan lokaci.

Maijego ta gani.

A gefen leɓensa na sama akwai ɓawo baƙi-baƙi, kamar ƙwayar gero biyu, gefensa ja.

"Rana ta biyar," ya ci gaba. "Ni da kaina, da ƙarfe goma na safe."

"Baba," in ji Maijego.

"Ba a katse mai karatu."

"Baba, don girman Allah ku sake juya shafin."

Ya ɗago, ya dube ta a karon farko tun safe.

"Me kika ce?"

Ta miƙe tsaye da ƙyar, tana dafe da cikinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Rana ta biyar kun shigo. Kun karɓe shi daga hannun Inna. Kun ce, 'Abokina, haka za ka karɓi baƙi da kwantsa a ido?' Inna ta ce ku ƙyale mata angonta, ko da kwantsa ya fi ku kyau. Muka yi dariya."

"An yi haka. Sai me?"

"Sai kuka kai yatsanku baki, kamar yadda kuka yi yanzu. Kuka goge masa ido."

Ta nuna idonta da yatsa.

"Idon hagu, Baba."

Gwaggo ta yi tsalle ta dire.

"La ilaha illallahu! Yau ga rashin kunya! Surukinki za ki ɗora wa? Auta, kana tsaye matarka tana zagin ubanka?"

Auta bai ji ta ba. Ya baro jikin bango, ya zo ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, mene ne a leɓenku?"

"Ba komai."

"Baba, ku bari in gani."

"Na ce ba komai. Ɗan zazzaɓi na yi makon da aka haife shi, ya fita."

Kalmar ta fito daga bakinsa kafin ya ji nauyinta. 

Inna ta fashe da kuka.

"Malam, ya isa. Wallahi ya isa."

"Ke kuma fa?"

"Ni na shafa muku man goge baki a wurin, ran da yaron ya kwana huɗu. Kuka ce yana muku zugi. Washegari ya yi ruwa, kuka taje gashin baki kuka rufe shi, kuka ce ba za ku je ganin jika da baki kamar na mai cin toka ba. Tun da Likita ta fara magana na gane. Na yi shiru, ina ji ana yanka yarinyar nan a gabana."

"Inna!" in ji Gwaggo. "Kin sani kika bar ni ina ta zuba?"

"Ke wa ya taɓa tare bakinki ya tsaya?"

Magatakarda ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Ba a tambaye ni yatsa ba," ya ce a hankali. "Sumba aka tambaya, na kuma ba da amsa daidai."



"Jikoki goma sha ɗaya," ya ci gaba, muryarsa tana ƙara ƙarfi kamar mai neman shaida. "Dukkansu na goge musu ido da wannan yatsa. Haka mahaifina ya yi mini. Ɗaya daga cikinsu bai yi ko atishawa ba. Abin da aka yi sau goma sha ɗaya lafiya, yaya na sha biyu zai zama laifi?"

Inna ta dube shi cikin hawaye.

"A sha ɗayan nan, Malam, akwai wanda kuka je gani da ƙurji a baki?"

Tsohon ya buɗe baki. Mutumin da ya riƙe ranakun shari'u na shekara talatin da huɗu a ka, ya bi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya a zuci, da watan da aka haifi kowanne. Leɓensa yana motsi. Da ya kai na ƙarshe, sai kafaɗunsa suka sauka.

Ya ɗaga babban yatsansa ya zuba masa ido. Akwai tabon tawada da ya daɗe da zama a gefen farcen.

Magabata sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba su faɗi yadda mutum yake sauka daga tudun ba, idan ya waiwaya ya ga a kan me yake tsaye.

"Auta," ya kira.

"Na'am, Baba."

"Ɗazu ka tambaye ni labarin mai gadin sito."

"Eh, Baba."

"Ba shi ya ɗauka ba. Ɗan mai siton ne. Wata bakwai aka yi kafin a gane. Kafin nan matarsa ta tafi, unguwa ta sa masa suna. Ni na rubuta takardar wanke shi da hannuna. Bai zo ya karɓa ba."

Ya juya wajen Maijego.

"Yarinya..."

"Kada ku ce mini komai yanzu, Baba," ta ce. "Ɗana nake jira."

Ta dubi mijinta, wanda har yanzu yake durƙushe.

"Kai ma haka."

Ƙofar ta sake buɗewa. Likita ce, da farar takarda a hannu, a naɗe. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

Magatakarda ya dogara sanda ya miƙe. Ya tsaya yadda mai ba da shaida yake tsayawa.

"Likita, amsar da na ba ki ɗazu ba ta cika ba."

Ya sa bayan hannunsa ya ɗaga gashin bakin.

Likita ta matso ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Kwana nawa?"

"Tara. Na goge masa ido da yawuna ran da ya kwana biyar. Ki rubuta haka. Ki kuma rubuta cewa uwarsa ba ta da laifi, kuma ba wanda zai taɓa ko tsinke a kayanta."

Likita ta gyaɗa kai.

"Na gode da kuka faɗa, Baba. Ba da gangan kuka yi ba, kuma ba ku kaɗai ba ne ba ku sani ba. Ku je ku wanke hannu da sabulu yanzu. Zan rubuta muku abin da za ku shafa."

Ta ɗaga takardar.

"Sakamakon ruwan bayansa ya iso. Uwa da uba, ku shigo."

Maijego ta wuce gaba, Auta yana binta a baya, bai yi ƙarfin halin riƙe hannunta ba. Magatakarda ya ɗaga ƙafa zai bi su, domin a iyalin nan ba a taɓa karanta takarda ba yana waje.

Likita ta sa hannu ta tare ƙofar.

"Ban da ku, Baba. Ba za ku kusanci ɗakin nan ba sai leɓen ya warke sarai."

Ya tsaya. Ya dubi hannun da ya tare shi.

"Daidai ne," ya ce. "An karɓe makulli."

Ƙofar ta rufe.

Ya koma kan benci. Gwaggo ta ja gefe, ta toshe bakinta da mayafi. Inna ta ɗauki carbinta. Littafin yana buɗe a shafin rana ta biyar, kuma a kusurwar takardar akwai danshin yatsansa, bai gama bushewa ba.

Minti ɗaya. Minti biyu.

Sai muryar Maijego ta ratso ƙofar, sau ɗaya, da ƙarfi.

Inna ta damƙe hannun rigarsa.

"Malam, kuka ne ko godiya?"

Magatakarda, wanda ya shekara talatin da huɗu yana rarrabe muryar wanda ya ci shari'a da ta wanda aka kayar tun daga bayan ƙofa, ya kasa kunne.

"Ban sani ba," ya ce.

Mariƙin ƙofar ya motsa.

Mu haɗu a shafi na gaba.